Shan Hantsin Sallau a Dutsen Ƙanƙara

Ku gyara zama. Wanda ya san bakinsa ba ya iya gardama gara ya tashi tun yanzu, don wannan ba labarin da ake ji a yi shiru ba ne. Idan na kai ƙarshensa, ku za ku ɗauki kayan, ni in koma gefe in sha shayina.

Can arewa, bayan an ƙetare Sahara an gama, akwai wata ƙasa mai duwatsu dogaye, inda idan sanyi ya shigo ruwan sama ba ya sauka a ruwa. Fari fat yake zubowa, da laushi kamar dusa, shi ya sa ake ce masa dusar ƙanƙara. Na sani, ku ƙanƙarar da kuka sani ita ce wadda ake fasawa a jefa a zoɓo da azumi. To, wannan ba ita ba ce. Wannan taruwa take kwana da kwanaki har ta haɗiye ɗaki, ba a ganin komai sai hayaƙi yana fita ta sama.

Neman abinci ya kai waɗansu Hausawa huɗu can. Aiki suka samu a wata ƙaramar mahaƙa da ke kusa da ƙoƙuwar dutse. Idan sanyi ya tsananta akan rufe aikin, ma'aikata su sauka gida, a bar mutum huɗu suna gadin injuna har ƙanƙara ta narke. A wannan shekarar su aka bari.

Mai labarin namu sunansa Sallau, mutumin Rano ne, Bakano mai saurin baki da saurin ƙafa. Matarsa Atine tana zaune a garin da ke gindin dutsen, tafiyar yini guda in an bi gajeriyar hanya. Shekararsu goma sha ɗaya da aure Allah bai ba su haihuwa ba sai a wannan karon, kuma cikin ya tsufa.

Na biyu Hambali, Bazazzagi daga Soba, shi ne babbansu. Haƙar rijiya ya gada, ya yi ta shekara ashirin kafin ya bar gida. Ba ya rabuwa da wata jar igiya mai tsawon gaba ashirin, wadda ya riƙa sauka rijiya da ita. Da yake shi Bazazzagi ne, Sallau kuwa Bakano, tun daga safe har yamma tsokanar juna suke, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

Na uku Dayyabu, Bagobiri, maharbi ɗan maharba. Idonsa in ya kama abu ba ya saki. Tsoro kuwa bai san ƙofar gidansa ba, abin da wani lokaci alheri ne, wani lokaci kuma akasin haka.

Na huɗu Jafaru, masunci daga Yawuri. A cikin ruwa namiji ne, amma ko tsani tsoron hawansa yake. Yadda aka yi mai tsoron tsani ya ƙare a kan dutse, wannan sai ku tambayi talauci.

Ranar da ma'aikata za su sauka, wani tsoho ɗan ƙasar, mai kula da ɗakin ajiya, ya tara su ya yi musu magana da guntun Larabcin da suke fahimtar juna da shi. Ya ce idan dole ta kama su sauka, su tashi tun rana ba ta taɓa dutse ba, lokacin da ƙanƙara take daskare. Ya ce kuma kada su kuskura su taka gangare a ranar farko da sama ta washe bayan zuba mai yawa, don wannan ranar ta fi kowace kyau, ta kuma fi kowace cin mutane. Suka ce masa to. Da ya ba da baya Sallau ya kwashe da dariya. Ya ce a ina aka taɓa jin mai hankali ya fita cikin irin wannan sanyi tun da asuba? Mu da muka tashi muka ga iyaye da kakanni, in sanyi ya yi, sai an jingina da katanga an sha hantsi, jini ya saki, sannan a kama hanya. Baƙo dai makaho ne ko da idonsa biyu.

Wata Talata da rana wayar Sallau ta yi ƙara. Maƙwabciyarsu ce, ta ce Atine ta sauka lafiya, namiji. Sallau ya yi sujada a kan ƙanƙara, ya tashi yana kuka yana dariya. Ya ce gobe da safe zai sauka. Amma kafin la'asar sama ta rufe, dusa ta fara zuba, iska ta taso. Kwana biyar cur ana abu ɗaya. Iskar tana kwasar dusar daga bayan dutse tana jibge ta a kan gangaren da hanyarsu ta ratsa. Sallau yana cikin ɗaki yana ƙirga kwanaki da yatsu, abinci ma ya daina shiga.

Ranar Litinin gari ya waye tas, sama shuɗiya, ba gajimare ko ɗaya. Gobe suna.

Bayan sallar asuba Hambali ya ce, in dai tafiyar ta zama dole, to a tashi yanzu. Sallau ya ƙara ƙudundunewa cikin bargo ya ce a bari hantsi ya ɗaga. Hambali bai ja maganar ba. Ya ɗauki shebur ya fita bayan ɗaki, ya sami wani ɗan gangare mai fuskantar inda hanyarsu take fuskanta, ya haƙa rami har ya tarar da ƙasa, ya gyara bangon ramin sumul kamar yadda ake gyara bangon rijiya. Sannan ya kira su.

Mai haƙar rijiya ba saman ƙasa yake kallo ba, abin da ke ƙarƙashi yake karantawa. Ya nuna musu. Daga sama, taƙi huɗu, dusa ce da iska ta danne ta yi tauri, har sai an sa ƙarfi yatsa yake shiga. Ƙarƙashinta wani ɓawo ne siriri mai santsi. Ƙarƙashin ɓawon kuwa, ya zura hannu ya ɗebo, sai ga ta tana zubewa ta tsakanin yatsu kamar sukari, ko an dunƙula ba ta dunƙuluwa. Ya yanka bangon ta gefe da gefe da baya, ya ɗora shebur a kai, ya buga da tafin hannu. A bugu na uku, tulin na sama ya sulale gaba ɗaya ya faɗo gabansu.

Ya ce, "Kun gani? Tabarma ce aka shimfiɗa a kan zubabben gero. A rijiya in na ga marmara a sama, yashi a ƙasa, ba na sauka ko uwata ce ta aike ni. Ga shi rana ta fara dukanta, tana ƙara mata nauyi. Sallau, yau ba ranar tafiya ba ce. In ka matsa, mu bi ta kan ƙoƙuwa."

Hanyar ƙoƙuwa ba ta ratsa gangare, amma kwana biyu ce. Wanda ya bi ta sai dai ya tarar da ƙashin ragon suna.

A nan ne abin da ya haɗa su kullum ya raba su. Shekara biyu Hambali bai taɓa faɗa wa Sallau magana ba tare da tsokana a ciki ba, don haka ranar da ya faɗi gaskiya tsirararta, kunnen Sallau ya ɗauke ta wasa. Ya ce, "Haba bawana, so kake a raɗa wa ɗan ubangidanka suna ba na nan, ka samu abin yi mini gori har tsufa? Tashi ka ɗauki jakata." Dayyabu ya goya masa baya, ya ce rana ta fito, iska ta kwanta, me kuma ya rage? Ya ce Yaya Hambali tsufa ne ya fara kama shi ta gwiwa.  Jafaru kuwa tsoron hanya yake, amma tsoron a bar shi shi kaɗai a kan dutse ya fi.

Rana ta take tsaka lokacin da suka iso bakin gangaren. Faɗinsa bai wuce jifa biyu ba, fari sol, sumul, yana sheƙi, ƙasansa kuma ya gangara ya tsuke cikin wani kwazazzabo. Hambali ya tsayar da su a kan wani baƙin dutse da ya leƙo waje. Ya kwance jar igiyarsa, ya ɗaura wa Sallau a ƙugu da irin ƙullin da ba ya kwancewa, ya warware sauran a ƙasa. Sallau ya ce to ya riƙe ɗaya bakin mana. Hambali ya ce a'a, in ƙanƙarar ta tafi da kai, duk wanda ya riƙe tare za ku tafi. A bar igiyar tana jan ƙasa, ƙila ta taso sama ta nuna inda kake. Ya kuma ce ba mai taka wurin sai na gaba ya ƙetare. Ɗaya bayan ɗaya, kamar shiga rijiya.

Sallau ya shiga yana waƙa, jar igiya na binsa. Ya yi taku ashirin, ya yi talatin. Sai ya ji wani gum a ƙarƙashin ƙafarsa, kamar an yar da buhun hatsi a ɗaki na kusa, wurin da yake tsaye ya ɗan nutse. Wata tsaga ta fita daga gaban takalminsa ta ruga sama ta yi baka. Ya waiwaya zai yi magana, sai ya ga abokansa suna tafiya sama alhali suna tsaye. Shi ne yake tafiya. Gangaren gaba ɗaya ya tashi da shi.

Ya wuntsila sau nawa bai sani ba. Abin da ya tuna kawai shi ne ya kai gwiwar hannunsa ya tare fuska. Daga nan komai ya tsaya cik. Kada ku ɗauka dusar da ta zabto laushi gare ta. Da ta tsaya sai ta ƙame kamar siminti. Ko yatsa bai iya motsawa ba. Duhu, shiru, ɗan wurin da hannunsa ya tare shi ne duk iskar da ya mallaka a duniya. Bai san sama ba bai san ƙasa ba, sai da yawu ya fita daga bakinsa ya gangara zuwa goshinsa, sannan ya gane kansa ne a ƙasa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne yaron da bai gani ba, wanda aka jira shekara goma sha ɗaya, gobe za a yanka masa rago ana karɓar gaisuwar ubansa. A cikin zuciyarsa ya ce, "Ya Allah, ni na jawo wa kaina. Amma wanda duk ka sa ya zama sanadin fitata daga nan, na yi alkawari sunansa zan raɗa wa yaron nan." Daga nan numfashi ya fara gajarta, wani barci mai daɗi ya zo ya ɗauke shi.

Abin da ya faru a sama, daga baya ya ji shi daga bakinsu, kuma ba wanda ya ƙara wa kansa gishiri.

Hambali, wanda ya fi kowa sanin haƙa, bai haƙa ko cokali ɗaya ba. Wannan gum ɗin ya taɓa jin sa sau ɗaya, ranar da rijiya ta rufta da ƙanensa a wani ƙauye, ya yi kwana biyu yana tono ya fito da gawa. Yanzu ga shi ya sake jin sa. Ya zauna daɓas a kan baƙin dutsen yana salati, hawaye na daskarewa a gemunsa. Amma su ukun da ke kan dutsen nan da ransu, dokarsa ce ta bar su a kai. Da sun shiga a jere kamar yadda suka saba tafiya, da ba wanda ya rage balle ya nemi wani.

Dayyabu kuwa bai ƙifta ido ba. Lokacin da dutse yake ruri, farar ƙura ta turnuƙe, shi yana bin baƙar rigar Sallau da ido kamar yadda yake bin zabuwar da ya harba, har inda ta nutse ta ƙarshe, ya auna wurin da wani tsagin dutse da ke gefe. Ya fizge shebur daga hannun Hambali ya dira. A lokacin rabin tulin yana nan rataye a samansa, bakinsa a tsage, kowane lokaci yana iya biyowa. Ya gani sarai, ya sauka. Ya fara cin karo da hular Sallau, amma bai tsaya ba, don maharbi ya san inda gashi ya faɗi ba nan tsuntsu ya faɗi ba. Ya ƙara gangarawa yana dube-dube har cikin kwazazzabo, sai ga wani ɗan jan abu, bai fi taƙi ɗaya ba, ya leƙo daga cikin fari. Ya kama, ya riƙa fizga yana bi, har inda igiyar ta nutse ta ƙi tasowa. Nan ya fara sara. Ƙotar shebur ta karye, ya ci gaba da bakin ƙarfen. Ƙarfen ya lanƙwashe, ya koma da hannu, har farcensa huɗu suka fita bai sani ba. Ya tarar da takalmi, ya bi jiki har ya kai fuska. Fuskar ta yi shuɗi-shuɗi, baki cike da ƙanƙara, ƙirji ba ya motsi. Dayyabu ya jawo shi waje, ya kara kunne, bai ji komai ba. Sai ya kwance rawaninsa ya rufe masa fuska ya ce, "Allah ya jiƙanka, Sallau. Ni na zuga ka."

Jafaru shi ne na ƙarshen isowa. Da gindi ya gangaro, ido a rufe, yana kiran sunayen Allah, har aka gama tonon bai iso ba. Amma da ya ga mutum kwance an rufe masa fuska, sai ya zama wani mutum daban. Wannan ya san shi. Ya sha ganin an tsamo mutum daga kogi a haka. Ya yaye rawanin ya yar, ya ce, "Sarkin baka, matsa. A Yawuri ba ma ba ruwa mutum tun jikinsa bai gaya mana da kansa ba." Ya sa yatsa ya ƙwaƙule ƙanƙarar da ke bakin, ya ɗaga haɓar, ya toshe hanci, ya hura masa numfashi, ya danna ƙirji, ya sake hurawa. Ya yi ta yi har Dayyabu ya ce ya bar bawan Allah ya huta. Bai bari ba. Can sai ƙirjin ya yi wani irin karkarwa, Sallau ya yi tari, ya ja iska da ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Dayyabu ya ce a hura wuta a gasa shi, a murza masa hannu da ƙafa. Jafaru ya hana, ya ce wanda sanyi ya shiga ƙashinsa, in aka yi masa gaggawa zuciyarsa ce take tsayawa. Suka ɗauke shi a hankali zuwa wata bukkar duwatsu ta makiyaya da ke gefen kwazazzabon. Jafaru ya tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, ya cire rigar sanyinsa da safarsa da takalminsa ya sa masa, ya rungume shi ƙirji da ƙirji, shi kuwa ƙafarsa tsirara a kan dutse mai sanyi. A haka mutanen ƙauyen da ke ƙasa, waɗanda suka ji rugugin suka hau da alfadarai, suka same su da la'asar. A kan hanya suka ɗauko Hambali, wanda ya rarrafo rabin gangaren yana nannaɗe igiyarsa.

Talata da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Sallau. 'Yan Hausawan garin suka taru, aka raba dabino tunda goro ya yi nisa. Sallau na zaune cikin bargo biyu, haƙarƙari a ɗaure, ɗansa a cinya, yana kallonsa ya kasa ɗauke ido. Hambali na gefe kansa a sunkuye, tun jiya bai iya haɗa ido da kowa ba. Dayyabu hannuwansa biyu a naɗe da bandeji, sai an ba shi ruwa a baki. Jafaru a kujera aka kawo shi daga asibiti. Likita ya riga ya gaya masa yatsu uku na ƙafar hagu ba za su tashi ba, kuma shi ya san mai irin wannan ƙafa ba ya sake tsayawa a goshin kwalekwale ya jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi.

Liman ya matso ya ce a faɗi suna. Sallau ya faɗi alkawarin da ya ɗauka a ƙarƙashin ƙanƙara, bai rage komai ba.  Wani ya ce a haɗa sunayen uku mana. Atine daga cikin ɗaki ta aiko cewa ɗanta mutum ɗaya ne, ba ayari ba ne. Wani ya ce a ba ɗaya yanzu, sauran su jira ƙannensa. Sallau ya ce wannan ɗin ma shekara goma sha ɗaya aka jira shi, ba zai yi wa Allah alkawari da abin da ba ya hannunsa ba. Liman ya ce alkawari kaya ne, kuma yadda aka ɗauke shi haka ake sauke shi: mutum ɗaya ya ce, mutum ɗaya zai ba.

Sallau ya dubi Hambali. Ba don igiyarsa ba, da har yanzu ana soka sanda a kwazazzabo, kuma ba don dokarsa ba, da gawa huɗu ake nema. Shi kaɗai ya ga abin tun bai zo ba. Amma da abin ya zo, zama ya yi.

Ya dubi Dayyabu. Igiya ba ta tono, kuma wanda ke ƙarƙashin ƙanƙara ba ya jiran alfadarai. Shi ya sa wuyansa ƙarƙashin tulin da ke rataye, shi ya bar farcensa a ramin. Amma bakinsa ne ya ƙarasa tura Sallau gangaren, kuma hannunsa ne ya rufe masa fuska da rai a jikinsa.

Ya dubi Jafaru. Abin da Dayyabu ya tono gawa ce a idon kowa, numfashin Jafaru ne ya mai da ita uban yaro, ya kuma biya da sana'ar da ya gada. Amma bai hango ba, bai nema ba, bai tona ba. Da ba a ajiye masa mutum a gabansa ba, da iliminsa bai tsinana komai ba.

Rago yana kwance an danne shi, mahauci ya riga ya wasa wuƙa. Liman ya sunkuyo ya kawo kunnensa dab da bakin Sallau, yana jira.

To, ga ku ga Sallau. Ku da kuke zaune kuna shan hantsi lafiya lau, ku gaya mini: Hambali, Dayyabu ko Jafaru, sunan wa ya kamata ya raɗa a kunnen liman?